Farin Zare a Kafaɗar Auta

"Tsaya... mene ne wannan a kafaɗarka?"

Auta ya tsaya cak a bakin ƙofar falo, takalmi ɗaya a ƙafa, ɗaya a hannu. Malama ta yunƙura ta miƙe daga kujera, tana dafe da ƙugu saboda cikinta da ya shiga wata na bakwai, ta sa yatsu biyu ta zare abin daga rigarsa. Farin zare ne siriri mai sheƙi, ya nannaɗe kamar yanzu aka warware shi daga saƙa.

"Zare ne mana," ya ce, da murmushin da bai kai ciki ba.

"Na ga zare ne, ai ni ba makauniya ba ce!"

Ya yi wata 'yar zabura kamar an tsikare shi da allura. Ta gani, ta ajiye a ranta.

"Yaushe aka fara gyaran firji da zaren saƙa? Shekaranjiya ja na cire maka a wando. Rannan kore a kujerar mota. Yau kuma fari. Ko shagon naka ne ya koma na masu kwarashi ban sani ba?"

"Haba zinariyata, gidajen mutane fa nake shiga aiki..."

"Gidan wace ce?"

"Wace kuma? Kai, Malama! Ki zauna don Allah, kin san likita ya ce..."

"Kada ka fake da likita. Dube ni ka faɗa."

Bai dube ta ba. Ya sunkuya yana kwance igiyar takalmin da tuni ya cire.

A shekarunsu huɗu da aure, babu abin da Malama ta fi sani kamar fuskar mijinta. Mutum ne da ko goro ya saya wa wani sai ya zo ya ba ta labari. In ya dawo daga shago, tun daga ƙofa yake fara zuba, wane ya kawo firjin da ɓera ya cinye wa waya, wance ta rantse injin sanyaya ɗakinta aljanu ne suka shige. Ita kuma ta ba shi labarin 'yan ajinta na firamare, su yi ta dariya har abinci ya huce. Amma yau kusan wata biyu ke nan bakinsa ya mutu. Ya dawo a makare, ya ci abinci yana kallon bango, in waya ta yi ƙara ya fita tsakar gida.

Ruwa dai ba ya tsami banza.

Ba wannan ne cikinta na fari ba. Biyu sun zube a baya. Na farkon tun yana ƙarami, na biyun kuwa sai da ya girma, har ta cika ɗaki da kaya: gadon jariri, 'yan riguna, safa ƙanana kamar na 'yar tsana. Ranar da aka sallamo ta daga asibiti hannu biyu babu komai, ta buɗe ɗakin nan ta gan su a jere suna jiranta, sai da aka ɗauke ta a sume. Da ta farfaɗo ta rabar da komai, ta kuma riƙe hannun Auta ta sa shi ya yi mata alƙawari.

"In Allah ya sake ba mu, ko tsinke kada a saya. Ko hula. Sai na ji kukansa da kunnena."

"Na yi miki alƙawari," ya ce a lokacin, yana share mata hawaye da babban yatsansa.

A ranar ce kuma surukarta, wadda kowa ke kira Mama, ta zauna a gefen gadonta, ta ce, "Ki daina kukan haka. Ba kanki farau ba."

Shi ke nan abin da ta ce. Malama ba ta manta ba, kuma ba ta yafe ba. Mama mace ce doguwa, mai tsare gida, wadda ba a cika ganin haƙoranta ba. Tun mijinta ya rasu take zaune ita kaɗai a tsohon gidansu, Auta ne kaɗai ɗanta a duniya. Ba ta taɓa zagin Malama ba, amma ba ta taɓa janta a jiki ba.

Washegari da aka tashi daga makaranta, Malama ba ta wuce gida ba. Ta biya shagon yayarta mai gyaran gashi. Ta tarar da ita tana taje kan wata, ta jira har matar ta tafi, sannan ta ciro zaren daga jakarta ta ajiye a kan tebur.

Yaya ta ɗaga shi sama ta juya, ta taɓe baki.

"Wannan zaren saƙar kwarashi ne, mai tsada ma. To ai gara da kika zo, don ni ma abin yana cina. Na so in yi shiru saboda halin da kike ciki..."

Malama ta matso. "Yaya, me kika gani?"

"Ranar Asabar na je sayo man gashi. Layin masu katako, wa zan gani? Mijinki. Yana ɗaure gadon jariri a saman mota."

"Gadon... jariri?"

"Fari, mai 'yan sanduna. Na ce a raina to madalla, yarinyar nan ta sauko daga rantsuwarta. Ya kawo miki?"

Malama ta girgiza kai a hankali.

"To biri ya yi kama da mutum!" Yaya ta buga cinya. "Ko dai akwai wata mai cikin a wani wuri, ko kuma gadon yana gidan tsohuwarsa. In kuwa can yake, to ki ɗaura ɗamara. Kin manta yadda aka yi da ni? Haka suka yi ta lallaɓa ni har na sauka, yaro na yin wayo suka ce in kama gabana, uwarsa ta riƙe shi. Yau shekara nawa sai dai in hango ɗana a ƙofar makaranta?"

"Auta ba zai yi mini haka ba."

"Ni ma haka na ce. Namiji ne fa, ƙanwata. Kuma ɗa ɗaya tilo a wurin uwarsa. In ta ce ya shiga wuta, tambaya zai yi ta wace ƙofa."

Malama ta mayar da zaren cikin jakarta. Wanda maciji ya sara in ya ga tsumma sai ya gudu, ta san Yaya da ciwonta take magana. Amma sai wani abu ya faɗo mata. Makon jiya, tana dawowa daga awo, ta hango Mama tsaye a bakin wani kantin magani. Tsakaninsu bai fi faɗin titi ba. Ta ɗaga mata hannu, ta yi murmushi har da ɗan rusunawa. Mama ta dube ta ƙur, ido cikin ido, sannan ta kau da kai ta shige kantin kamar ta ga bango.

Da ta faɗa wa Yaya, sai ta tafa hannu.

"Kin gani ko? An gama shawara da ke, jira kawai ake ki sauke musu kayansu."

Ranar Lahadi Malama ta ce wa Auta tana so su je gaida Mama. Ya yi ta kame-kame, wai rana ta yi zafi, wai motar tana wani ƙara. Ta ɗauki mayafinta ta tsaya a bakin ƙofa. Dole ya ɗauko mukulli.

Tun daga tsakar gidan warin sabon fenti ya doki hancinta.

Mama na zaune a falo, labule a sake, ɗakin da ɗan duhu. Malama ta durƙusa iya yadda cikin ya bar ta.

"Mama, ina wuni?"

"Lafiya lau. Ya jikin? Tashi ki zauna a kujera."

"Fenti aka yi ne, Mama?"

Auta ya yi saurin kau da kai.

"Bango ne ya yi datti," in ji Mama.

Malama ta bi bangon falon da kallo. Tsohon fentinsa ne, har da tabon hayaƙin fitila na tun fil azal. Ta ce za ta zaga bayi. A hanya ta wuce ɗakin da Auta ya yi samartakarsa, wanda kullum a buɗe yake an jibge tsofaffin katifu da akwatuna. Yau an sa masa sabon kwaɗo. A ƙasan ƙofar, ɗan guntun farin zare ya leƙo.

Ta daɗe a bayi tana riƙe da bakin famfo, tana jin ɗan cikinta yana juyi. Da ta fito, ta taho a hankali ba takalmi. Muryar Mama ce ƙasa-ƙasa.

"Ka tabbata ba ta san komai ba?"

"Ta fara zargi, Mama. Wallahi na gaji da ɓoye-ɓoyen nan. Ba na iya haɗa ido da ita."

"Ka daure. Saura kaɗan. Ta sauka lafiya tukuna, in ta sauka shi ke nan, sai ka zo ka ɗauka... Kafin nan ko da wasa kada ta ji."

Malama ta tsaya a bayan ƙofa tana juya maganar. Ka ɗauka, ko ka ɗauko? Kunnenta bai tantance ba, zuciyarta ta tantance mata. Ta koma falo ta zauna, ta sha ruwan da aka ba ta, ta yi sallama da ladabi. Suka shiga mota suka kama hanyar gida. Auta ya kunna rediyo, ya kashe, ya sake kunnawa.

Da safe ya fito wanka ya tarar da akwati a buɗe a kan gado.

"Malama! Mene ne haka?"

"Gidan Yaya zan koma har in haihu."

"Saboda me? Me na yi miki?"

Ta juyo. Idanunta sun kumbura, amma muryarta ba ta rawa.

"Ina gadon jaririn da ka saya ranar Asabar?"

Ya sunkuyar da kai, ita kuwa ta ci gaba.

"Me ke cikin ɗakin da aka sa wa kwaɗo? Me za a ɗauka in na sauka? Ɗana? Ɗan da na kwanta asibiti sau biyu ina nema?"

"Innalillahi... Malama, me kike faɗa haka? Ni? Ni zan raba ki da ɗanki?"

"To faɗa mini gaskiya!"

Ya zube a bakin gado ya dafe kai da hannu biyu. Ruwan wanka na ɗiga daga gashinsa.

"Alƙawari biyu ne a wuyana," ya ce a hankali. "Na yi miki ɗaya, na yi wa Mama ɗaya. Duk wanda na cika, na karya ɗayan. Ki ba ni yau kawai, zinariyata. In je in roƙe ta ta sake ni, in dawo in faɗa miki komai. Na rantse da wanda raina ke hannunsa, babu cuta a ciki."

"Sai ka nemo izini kafin ka gaya wa matarka gaskiya?"

"Uwata ce..."

"Ni kuma baƙuwa ce. Na gane."

Ya kama hannunta, ta zame. Wayarsa ta yi ƙara, wani mai kantin kifi ne firjinsa ya tsaya, kaya na shirin lalacewa. Ya tsaya yana kallonta, yana kallon wayar.

"Je ka," ta ce. "Kifi ba ya jira."

"Ki yi mini alƙawari ba za ki fita ba sai na dawo."

"Alƙawari ya yi yawa a gidan nan."

Yana fita ta rufe akwatin. Ta tare mota a bakin titi da niyyar gidan Yaya. Sai da suka kai mararraba ta ce wa direban ya karya hagu. In ma korarta za a yi, gara ta ji daga bakin mai korar.

Ƙofar gidan Mama a sakaye take. Malama ta tura ta shiga ba sallama, abin da ba ta taɓa yi ba. Falo babu kowa. Kwaɗon nan yana rataye a buɗe, ƙofar ɗakin a wangale, hasken hantsi ya cika shi.

Ta tsaya a bakin ƙofar tana kallo.

An shafe bangon da fenti ruwan ƙwai mai haske. Ga farin gadon a tsakiya. A tagar an rataya labulen saƙar kwarashi irin ta da, mai raga-raga, wadda ake cike wasu gidaje a bar wasu a buɗe har hoto ya fito. Uwar agwagwa ce a gaba, 'ya'yanta na biye da ita a jere, rana ta ratso ta cikin ramukan ta zuba inuwarsu a ƙasa. A kan gadon an shimfiɗa mayafi mai jinjirin wata da taurari. A bango kuma ga ƙyallaye a cikin firam, an yi musu ɗinkin allura mai gicciye: kwandon furanni, ɗan jirgin ruwa, zomo mai dogayen kunnuwa.

Yaya ta yi gaskiya ke nan. An gama wa ɗanta ɗaki a gidan da ba nata ba.

Mama na zaune a kan tabarma dab da taga, ta ba ƙofa gefe. A cinyarta akwai wani tsohon labule da ya koma ruwan ƙasa don tsufa, duk ya ɓuɓɓule. Hannunta na hagu na bin sa a hankali, yatsa na shiga rami yana fita, leɓɓanta na motsi. Sai ta koma kan sabon zaren ta soka kwarashi. Ba ta kallon ko ɗaya daga ciki. Fuskarta na sama.

Malama ta ja numfashi za ta yi magana, mayafinta ya goga ƙofa.

Mama ta juyo. Ta dube ta sosai, irin kallon ranar kantin magani.

"Auta, kai ne? Yau ka yi sammako. Zo ka duba mini zaren nan na cikin kwano, wanne ne fari wanne ne kore? Tun ɗazu nake so in koma kan ɗan ragon nan, na kasa rabewa."

Malama ta zuba mata ido. Tsakaninsu bai fi taku biyar ba, ga rana tar a kanta, ga cikinta a gaba kamar tulu.

Idonta ya sauka kan ƙyallen da ke gefen kwanon, wanda ba a gama ba. Ɗan rago ne. Kansa fari tas, gicciyen a jere kamar haƙoran mataji. Daga wuya zuwa ƙasa kuwa abin ya rikice. Rabin bayansa kore ne, ƙafa ɗaya ja, ɗinkin ya hau kan juna, wani wurin allurar ta bar hoton gaba ɗaya ta yi ta tafiya a fili. A gefe akwai ɗigo-ɗigon jini da ya bushe.

"Auta? Ka yi shiru."

"Mama..." in ji Malama. "Ni ce."

Kwarashin ya faɗi a kan tabarma. Mama ta lalubi gefen zanenta kamar za ta rufe kayan, sai kuma ta bari. Ta gyara zama, ta miƙe wuya.

"Shi ya gaya miki?"

"Bai gaya mini ba. Mama, idonki... tun yaushe?"

"Ya kwana biyu." Ta faɗa kamar ana maganar ciwon ƙafa. "Na hagu ya tafi tun bara. Na dama ne ke ɗan ba ni haske, shi ma kamar ta cikin hayaƙi. Likita ya ce jijiyar ce ta ƙone, magani sai dai ya rage masa gudu. Ya ce kafin ki haihu, wataƙila..." Ta juya tafin hannu sama.

Malama ta bi jikin ƙofa ta sulale ta zauna a ƙasa.

"Me ya sa ba ku faɗa mini ba?"

"In faɗa miki ki tayar da hankali jininki ya hau? Ba a hana ki damuwa ba? Kuma ni ba na son a riƙa yi mini sannu kamar gawa." Ta lalubo kwarashin ta riƙe. "Na san rantsuwarki. Na san ko tsinke kin ce kada a saya, kuma ban ga laifinki ba. Na so in jira ki sauka. To idon ne ya ce ba zai jira ni ba. Na ce wa Auta ya kawo mini zare, a yi a nan inda ba za ki gani ba. In kin sauka lafiya ya zo ya ɗauka ya kai miki gida. Fentin ma don in riƙa ganin farin zare a jikin bango ne, shi kuma sarkin zumuɗi ya ƙaro gado."

"In kuma... in ban sauka lafiya ba?"

"Sai in mayar da kwaɗona in rufe. Ba ki gani ba, balle ki sume." Ta shafa tsohon labulen da ke cinyarta. "Na iya rufewa. Kina jin ana ce masa Auta, an ce miki yayyensa sun rasu, ba ki taɓa tambayar yadda aka yi ba. Uku ne. Babu wanda na ji kukansa. Wannan labulen na farkon na saƙa wa, ina yarinya kamarki, wata tsohuwa maƙwabciyarmu ta koya mini. Sau uku ina rataya shi ina saukewa. A na huɗu ya zauna."

Ba kanki farau ba.

Malama ta toshe baki da mayafi, kukan ya ƙwace mata. Shekara biyu tana riƙe da kalmomin nan kamar garwashi, ashe hannu aka miƙo mata ba ta gane ba.

"Mama ki yafe mini! Wallahi na zarge ku... Na ɗauka ɗana za ku ƙwace ku kore ni. Akwatina ma yana tsakar gida!"

"Akwati?" Mama ta ɗaga gira. "Ikon Allah. Ana zaton wuta a maƙera, sai ga ta a masaƙa. Ni da ba na ganin hanyar bayi, ina ni ina rainon jariri? Matso nan."

Ta ja jiki ta matsa. Hannun Mama ya lalubo kafaɗarta, ya hau kumatunta, ya share hawayen. Yatsun duk sun yi kanta, allura ta huda su ba adadi.

"Ni ban iya magana mai daɗi ba, 'yar nan. Ban taso da ita ba. Abin da hannuna ya iya shi nake yi. In kayan nan sun tayar miki da hankali, yanzu a kwashe."

Malama ta ɗaga kai ta dubi agwagin nan. Tsoron yana nan bai tafi ba. Amma ta ga ba ta sume ba.

"A bar su," ta ce. "Mama... wannan ɗinkin na gicciye, yana da wuyar koyo?"

"Ga mai ido? Ko 'yan ajinki sa iya. Saƙar raga ina lalubawa da yatsa, rami da cike ba sa ɓuya. Shi kuwa wannan sai da ido, shi ya gagare ni. Ya ragon ya yi? Auta ya ce ya yi kyau."

Malama ta dubi koren bayan da jar ƙafar, ta yi dariya cikin kuka.

"Mama, ɗanki maƙaryaci ne."

"Na sani! Tun da na ji yana yabo babu tsayawa na san akwai magana."

A haka Auta ya same su. Ya koma gida bai gan ta ba, ya je shagon Yaya ta wanke shi tas, ya taho nan a guje, rigarsa duk ƙarnin kifi. Ya ci karo da akwati a tsakar gida, ya faɗo ɗakin yana haki. Sai ga matarsa zaune kusa da uwarsa, tana warware koren zare da bakin allura.

"Malama..."

"Kada ka matso, kana wari," ta ce ba ta ɗago ba. Sannan ta ɗago, idanunta jawur. "Wata biyu kana ɗauke da wannan kai kaɗai, nawan? Kana kai ta asibiti, kana dawowa ina tsare ka da tambaya?"

Ya durƙusa a gabanta, warin da komai, ya kifa goshinsa a kan hannunta. Kafaɗunsa suka fara rawa.

"Na ji tsoro ne. Ke ina tsoron in rasa ki, ita ina kallo tana..."

"Ya isa," in ji Mama. "Ban mutu ba tukuna. Tashi ka shigo da akwatin, ka sa a ɗakina. Tunda ta haɗo kaya, ta zauna nan mu gama aikinmu. Kai ma in ka ga dama ka taho."

Haka aka yi. Kullum Malama ta dawo daga makaranta sai su zauna bakin taga, Mama na saƙa da lalube, ita tana ɗinki, tana soke yatsa tana tsaki. Mama ta karɓa ta shafa bayan ƙyallen ta ce, "Warware, kin ja zaren da yawa." Har Yaya ta zo da shirin faɗa, ɗankwali a ɗaure a ƙugu. Ta shiga ɗakin ta fito ta kwance ɗankwalin, washegari ta dawo da man shafawa ta zauna ta gyara wa Mama kai.

Hasken idon ya ƙarasa tafiya ana saura kwanaki Malama ta haihu. Mama ba ta gaya wa kowa ba, sai da Malama ta ga ta daina juya fuska wajen taga.

Naƙuda ta zo da hantsi. Aka daɗe, har Auta ya kusa cinye farcensa a barandar asibiti. Can la'asar sai ga kuka, ƙaƙƙarfa, mai tsaga kunne. Malama ta ji shi da kunnenta, ta rufe ido ta ce alhamdulillahi har muryarta ta dushe.

Mace ce.

Da aka ba su izinin shiga, Auta ya riƙo hannun Mama har bakin gadon. Ta zauna, ta buɗe hannuwa, aka ɗora mata jaririyar. Ta daɗe tana bin fuskar da ɗan yatsa, goshi, kunne, ɗan bakin da ke motsi.

"Malama," ta ce a hankali, "ara mini idonki. Kada ki yi mini irin ta mijinki. Yaya take?"

Malama ta leƙa, hawaye na bin gefen fuskarta.

"Gashinta baƙi ƙirin, Mama, a kwance luf. Idanun babanta ne. Bakin nawa ne. Yatsunta dogaye..."

"Hancin fa? Na ji kamar ya yi faɗi."

Malama ta dubi Auta, Auta ya dubi silin.

"Mama... naki ne sak."

Mama ta kai yatsa ta shafa nata hancin. Sai kafaɗunta suka fara girgiza, dariya ta ƙwace mata, irin wadda Malama ba ta taɓa ji ba, har haƙoranta duka a waje, hawaye na zuba daga idanun da ba sa gani. Ta rungume jaririyar a ƙirjinta.

"Duk abin da ke gidanmu ki rasa na ɗauka sai wannan? To Allah ya ba ki haƙuri, 'yar nan... Allah ya raya mana ke."